Saniyar Inna Kulu

Ku matso kusa, yara, ku ji labarin wata yarinya da ke karatu a Gusau. Kullum hankalinta yana Nahuce, wurin kakarta Inna Kulu. Tana kewar furar Inna. Tana kewar saniyarta mai karyayyen ƙaho.

A makarantarsu akwai injin da ke yanka katako da haske. Yarinyar ta zana saniyar a kwamfuta don injin ya yanka mata ita a katako, ta aika wa Inna. Kawunta Buba ya zo kasuwa, kuma da la'asar zai koma Nahuce, shi zai kai saƙon.

Fallen katako ɗaya ya rage. Damina ta sa ya lanƙwashe.

"Sai mun danne shi," in ji Malama Asiya. "Ga wani injin can yana ƙera mana 'yan kilif na roba da za su riƙe shi. Jira su gama. Zan je ofis in dawo."

Robar tana fitowa a hankali. Yarinyar ta leƙa waje, ta ga rana ta karkata. Sai ta tuna yadda Inna ke danne tabarmar shanya da duwatsu. Ta ɗebo duwatsu, ta ɗora a kan katakon, ta kunna injin yankan.

Ƙwas! Kan injin ya bugi dutse. Katakon ya goce. Hasken ya datse wuyan saniya.

Malama ta shigo da gudu, ta kashe injin.

"Na danne shi ne irin na Inna," yarinyar ta ce tana kuka.

"Tabarma ba ta da abin da ke yawo a kanta, 'yata. Shi ya sa kilif ɗin suke gajeru."

Da kilif ɗin suka gama fitowa, suka maƙala su a gefen da ya tsira. Katakon ya kwanta lumui. Saniya ta fito 'yar ƙarama, kamar tafin hannu.

Kawu Buba yana bakin ƙofa a kan babur. Ta miƙa masa saniyar, ya juya ta, ya yi dariya. "Wannan saniya ce ko akuya?"

Da kasuwa ta zagayo, ya dawo da man shanu a kwalba.

"Inna ta rataye ta a ƙofar ɗaki," ya ce. "Ta ce ashe ko ƙahon ba ki manta ba. Tana jiranki da hutu."

Yarinyar ta rungume kwalbar, ta shaƙi ƙamshin gida.

Daga ranar, idan malama ta ce a jira, jira take yi. Idan dabara ta zo mata, sai ta tambaya kafin ta gwada.