Ƙararrawar Motar Yaya

Dab da magariba, ina shirin kulle gareji, yayan matata ya kawo motarsa. Gyaran wutar mota ne sana'ata.

"Kwana huɗu ke nan ƙararrawarta ta hana mu sakat," in ji shi. "Rana na faɗuwa sai ta kama ihu."

Na ga bambar gaba ta lotsa. "Yaya, ka bugi wani abu ne?"

"Gyara na kawo maka, ba tuhuma ba." Ya danƙa min makulli a tafin hannu, ya tari tasi ya tafi.

Na fara da abin da aka saba. Batirin rimot lafiya lau. Na danna makunnin kowace ƙofa, na duba na bonet. Babu tsatsa, babu wayar da ta ƙone.

Sai ta ɓarke da ihu.

Na zare fiyus. Ba ta daina ba. Na kwance kan batir gaba ɗaya. Babu wuta a jikinta, amma tana ihu.

Can ta yi tsit. Ƙarnin jini ya danne warin fetur.

Na kwanta na shiga ƙarƙashinta da tocila. A bayan tayar gaba, baƙin gashi ya maƙale, da wani ɗan awarwaro, ko yatsuna biyu ba za su shiga ba.

Motar ta yi ƙasa, kamar an hau kanta. Ƙarfe ya danne min ƙirji.

A gefen taya, sai ga kofato biyu a tsaye.

"Ina 'yata?" aka raɗa min a kunnen hagu. Numfashin sanyi ƙalau.

"Baiwar Allah, ni mai gyara ne kawai."

"Makullin yana hannunka."

Na yi wurgi da shi. Addu'a ta kuɓuce min. Nauyin ya ɗan saki. Na ja jiki, fatar ƙirjina ta saɓule, na fita da rarrafe.

Aka kwantar da ni a asibiti. Kunnen nan bai sake ji ba. Hannuna kuma rawa yake, ko waya ba na iya feƙewa. Masu kawo gyara suka watse.

Daga baya Yaya ya gaya wa matata gaskiya. Wata baƙar 'yar akuya ya taka da motar da magariba, bai tsaya ba. Aka ce masa 'yar aljana ce, aka ba shi shawara ya miƙa makullin ga wani kafin kwana biyar, don bala'in ya koma kan wanda ya karɓa. Duk garin nan, ni ya zaɓa.

Ranar da aka sallame ni daga asibiti ya zo dubiya a sabuwar mota. Da zai tafi, ya ce in na ji sauƙi in duba masa fitilar baya.