Tsamiyar da Lukuman Ya Yanke

Gab da magariba Lukuman ya koma shagonsa da ke bakin titin jami'a a Kalgo, yana jan ƙafa. Tun safe yake fama da ɗalibai masu buga takardu, bayansa ya ƙage, idanunsa na raɗaɗi. Da aikin wani ne, wallahi sai gobe. Amma kalandar walimar saukar Alƙur'ani ce ta ɗiyarsa Amatullahi, kuma gobe da hantsi za a raba ta.

A Dalijan ya ɗauke ta hoton, gidan mahaifiyarsa Delu, tana tsaye gefen tsohuwar tsamiyar bayan gida, rana ta miƙar da inuwarta a ƙasa. Da azahar ya zauna gyara. Ya fara yanke inuwar yarinyar don ta ɓata masa tsari, sannan ya bi tsamiyar reshe-reshe ya cire, da nufin ya sa hoton masallaci a baya. Yana gama cire kututturen, manhajar gyaran hoton ta sandare, ta rufe kanta. Ya yi tsaki ya tafi cin abinci. Hoton kuwa shi ke nan guda, katin kyamarar tuni ya share shi.

To, yanzu ga shi ya dawo. Babu wuta, inji babu mai, sai abin da ya rage a batirin tsohuwar kwamfutarsa. Ya danna manhajar. Tambarinta ya fito, ya ɗan yi jim, ya ɓace. Ya kashe kwamfutar ya kunna, haka. Ya share tarkacen fayiloli ko wuri ne ya cika, haka. Ya danne maɓallan nan da ke mayar da saiti yadda yake tun farko, ya sabunta abin da ke sarrafa hoto, ya roƙe ta, ya zage ta. Ko a jikinta. Kai, wanda bai taɓa zama gaban na'urar da ta ƙi magana ba bai san gajiya ba.

Aka kira salla, ya ce bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Wannan sau ɗayan ne ya cinye masa jam'i.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Kubura ce, matarsa, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce tun azahar Amatullahi ta kwanta tana cikin tilawa, ta ɗauka gajiya ce, amma yanzu ta tashe ta salla ta ƙi tashi. Tana numfashi, jiki ba zafi, idanu a rufe. Ya ce ta shafa mata ruwa, ga shi nan tafe. Abu ɗaya ya rage masa: ya cire manhajar ɗungurungum ya sake saka ta. Ya san hakan zai tafi da aikin da ta ajiye kafin ta rufe, amma ya gaji.

Ya kai linzamin kwamfutar kan wurin gogewa.

Wani wari ya bugi hancinsa. Tsami-tsami, kamar an jiƙa tsamiya za a dama kunu. Ga ƙamshin danyen itace da aka sara yanzu-yanzu.

Titi ya yi tsit. Ko babur ɗaya.

Busasshen ganye ya faɗo kan maɓallan. Ƙanana, jere-jere. Rufin shagon kwano ne, kuma babu bishiya ko ɗaya a layin.

Bencin da masu jira ke zama a bayansa ya yi ƙara. Ya sake yi. Kamar mutane suna zama ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa jariri ya fara kuka, wata ta rarrashe shi.

Bai waiga ba. A baƙin gefen allon kwamfutar ya ga kawuna, dogaye, har rufi.

Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

"Ina ka kai muna gida?" Muryar tsohuwa ce, cikin raɗa. "Tun azahar muna rana da ɗiyanmu."



"Taka na wurinmu. In ka goge, ta zauna."

Nan maganar Delu ta faɗo masa. Ba a sa wa babban itace gatari sai an je an yi sallama, an ba masu shi lokaci su kwashe 'ya'yansu. Shi ko bisimilla bai yi ba.

"Salamu alaikum," ya ce. "Ku gafarce ni. Ban san da ku ba."

Ya janye linzamin daga wurin gogewa, ya danna tambarin. Manhajar ta buɗe.

Ga Amatullahi tsaye cikin fari fat. Batiri ya koma ja. Ya shiga komawa baya, taki-taki. Kututture ya dawo. Reshe. Wani reshen. Kwamfutar na nishi, kowane taki sai ta yi tunani.

Bencin ya fara sauƙi. Kukan jaririn ya yi nisa.

Reshen ƙarshe ya koma. Saura taki ɗaya.

Allon ya mutu.

Bai san yadda ya fito ba, ko takalmi bai ɗauka ba. Yana tsakiyar titi Kubura ta kira tana kuka, ta ce yarinyar ta farka tana neman ruwa.

Washegari aka kawo wuta, manhajar ta buɗe lafiya lau kamar ba ita ba. Hoton na nan, tsamiya cif, amma babu inuwar Amatullahi, babu kuma sauran taki na komawa baya. Haka aka buga kalandar, da tsamiyarta, aka sha walima, Amatullahi ta yi karatu har Delu ta yi hawaye. Ya gwada zana inuwar da hannunsa, duk sanda ya ajiye sai ya tarar babu.

Yanzu Lukuman ba ya cire komai a hoton kowa, kuma la'asar na yi yake rufe shago. Maƙwabta na tsokanarsa, wai ƙatuwar yarinya kullum sai ya raka ta makaranta ya ɗauko ta.  Yana dai tafiya dab da ita, ta ɓangaren da rana take, don inuwarsa ta rufe wurin da tata ya kamata ta faɗa.