Kalmar da Ta Ɓoye wa Mahaifinta

A wani gidan haya a Maamobi akwai wata yarinya 'yar aji uku. Mahaifinta ya tafi aikin gonar koko a ƙasar Asante, ya daɗe bai dawo ba. Hularsa ce kawai ta rage, rataye a ƙusa.

A gidan akwai wani tsoho mai sayar da goro, ana ce masa Baba Kadiri. Kullum da la'asar yakan riƙe hannunta zuwa bakin titi. Can take tsayawa tana duban masu sauka daga motar hayar da ake kira trotro, ko za ta ga mahaifinta.

Ran nan sai wani tunani ya zo mata. Zane in an cika wanke shi yakan koɗe. Kada kalmar Baba ta koɗe kafin mai ita ya dawo. Gara ta ɓoye masa abinsa.

Da safe ta durƙusa ta ce, "Kadiri, ina kwana?"

Tsohon ya dube ta. Ya ce, "Lafiya lau," ya ɗauki faifan goronsa ya fita.

Da la'asar bai kira ta ba. Washegari ma haka. Mahaifiyarta kuwa ba ta barinta zuwa titi ita kaɗai. Sai dai ta zauna tana jin kukan motoci daga nesa.

"Mma, in Baba ya sauka yau, wa zai tare shi?"

"Tambayi Kadiri, tsaranki."

Yarinya ta fashe da kuka. "Ajiye wa Babana kalmar nake yi. Kada ta ƙare."

Mahaifiyar ta ajiye muciya, ta jawo ta jikinta. "Sukari ce da za ta ƙare? Wanda ya haife ki Baba ne. Ɗan'uwansa Baba ne. Duk mai furfura ma Baba ne. Tsohon nan 'ya'yansa suna can arewa. A bakinki yake jin muryarsu."

Yarinya ta je ƙofar ɗakinsa, ta durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Wa ke magana? Kunnena ya tsufa. Sake faɗa."

Ta sake faɗa. Ya yi dariya, ya miƙo hannu.

Ana saura kaɗan Sallah, ita da tsohon suna bakin titi, sai wani mutum ya sauko daga trotro, ya rame, da buhu a ka. Yarinya ta ruga. "Baba!"

Su biyu suka amsa.

A hanyar gida ta ba mahaifinta labari. Ya ce, "Can ma akwai wata yarinya mai kawo mini ruwa. In ta ce Baba, ke nake ji. Da ta ɓoye, da ban iya daurewa ba."

Girmama manya ba ya koɗewa. Wanda ya girmama uban wani, nasa ma za a girmama a inda idonsa bai kai ba.