Ranar da Umma Ta Wanke Tankin Kifi

Da kwalbar ruwa kore shar a hannu Auta ta shiga shagon, ta dangwarar da ita a kan tebur ko sallama babu.

"Kai ne mai kifin?"

Saurayin ya zaro hannunsa daga cikin wani tanki, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannun. Ya dubi kwalbar, ya dubi mai kwalbar, sai ya manta da kwalbar.

"Haka ake kirana. Wannan kuma miya ce ko magani?"

"Ruwan kifin babana ne. Baba ya rasu bara, kifin kuma ya daina cin abinci. In ba ka iya ba ka faɗa, in ƙara gaba."

Auta ke nan. Kyau kamar ita ta yi kanta, baki kuwa kamar reza. A shagon tabarau take aiki, kuma ita kaɗai ta rage a gaban mahaifiyarta. Mai Kifi dai ya rufe shagonsa da rana tsaka ya bi ta, kamar raƙumi da akala.

Kifin sunansa Dattijo, tsoho ne mai ruwan zinariya da doguwar jela. Marigayi ne ya raɗa masa sunan, kuma da yana raye ba wanda yake taɓa tankin sai shi. Tun rasuwarsa Umma ta ja kujerarta gaban gilashin. Nan take shan shayi, nan take ba kifin labarin maƙwabta kamar maigidan ne ke saurare. Duk sanda kewa ta taso mata kuma sai ta barbaɗa masa abinci, ita kuwa kewar ba ta da lokaci.

Mai Kifi ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya duba tankin.

"Umma, abincin ya yi yawa. Abin da zai cinye nan take ya isa, saura ruɓewa yake yi a ƙasa. Ruwan ma ba a juye shi duka. Kaɗan ake ɗiba, a ƙara wanda ya kwana a bokiti, don na famfo yana da magani mai ƙona su. Wannan soson da ke tace ruwa kuwa, ko ya yi baƙi, da ruwan tankin ake ɗauraye shi. Sabulu kada ya kusanci komai a ciki."

Umma ta dube shi sama da ƙasa. Mace ce da ke wanke tsintsiya bayan ta yi shara.

"Ikon Allah! Yaron da ke warin kududdufi ne zai koya min tsafta a cikin gidana?"

Ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Kafin wata ya kama Dattijo ya miƙe, yana kaɗa jela kamar ango. Umma ba ta ce an gode ba, amma ta bar ƙofa a buɗe duk ranar da zai zo duba ruwa. Ta wannan ƙofar soyayya ta shigo ta baje tabarma. Saƙonnin waya suka fara kai da komo tsakaninsa da Auta.

"Zinariyata, yau na ciyar da duk kifin shagon, amma ni ne mai yunwar. Ki biyo ta nan in kin tashi aiki, ko harara ce ki ba ni."

"Mai Kifina, harara ta ƙare. Sai dai murmushi, shi ma ɗan kaɗan. Kai ka ce yawan abinci yana kisa."

Ranar da Auta ta faɗa wa Umma cewa zai turo manya, Umma ta yi dariya har da tafawa.

"Ki auri mai kwasar kashin kifi? Ga Manaja, ɗan aminiyata, yana bin ki kamar zai mutu. Wannan kuwa ko a ɗakin girki na sa shi sai na kunna turare."

Manaja na wani kamfanin tayil ne, mai ƙamshi, mai kaɗa makullin mota ko a cikin falo. Ya lura da inda zuciyar Auta ta karkata, ya kuma lura da inda ta Umma take kwana. Wata rana ya zo gaisuwa ya tsaya gaban tankin yana yatsina.

"Umma, ke da ake misali da tsaftarki? Dubi duwatsun nan duk gansakuka. Yaron nan yana so ne ya riƙa samun dalilin shigowa, shi ya sa yake barin ƙazanta."

Maganar ta soki Umma inda ba ta so. Washegari, Auta na wurin aiki, ta kwashe Dattijo ta sa a roba, ta juye ruwan tas, ta dirje gilashi da duwatsu da soso da sabulu mai ƙamshin lemo, ta cika tankin da ruwan famfo. Ya yi ƙal ƙal, sai ɗaukar ido. Ta mayar da kifin tana cewa, "Yau ka ga gata, Dattijo."

Da gari ya waye Dattijo yana yawo a saman ruwa, ciki sama.

Kukan da Umma ta yi, ko ranar rasuwar maigidan ba ta yi shi ba. Manaja ya iso da sauri, ya ce ai shekaranjiya da idonsa ya ga Mai Kifi yana ɗiga wani abu a ruwan. Gaskiya ne ya ɗiga, maganin ƙarfafa kifi ne, amma wa zai tsaya tambaya? Aka aika a kira shi.

A bakin ƙofa Umma ta tare shi, maƙwabta sun cika matakala. Ta jefa masa gawar kifin a ƙirji.

"Ɗauki! Na hana ka 'yata, ka kashe min abin da mijina ya bari. Matsiyaci, mai baƙar zuciya. Allah ya isa tsakanina da kai!"

Mai Kifi ya sunkuya ya ɗauki Dattijo a tafin hannunsa. Ta kan kafaɗar Umma ya hango tankin yana ƙyalli, soson ya yi fari fat, ƙamshin lemo kuma har nan ƙofa. Ya gane komai. Ya dubi idanun matar da suka kumbura.

"Ki yi haƙuri, Umma," kawai ya ce.

Auta ta ɗauka amsa laifi ne. Kafin ya sauka daga matakala saƙonta ya riga shi ƙasa.

"Ashe Umma ta fi ni hanci. Warin da take ji a jikinka daga zuciyarka yake fitowa. Kada ka sake kirana Zinariya, ban son sunan abin da kake kashewa."

Ya karanta, ya ajiye wayar. Ya rame, ya yi baƙi, kifin shagon ne kawai suka san halin da yake ciki.

Bayan wani lokaci Auta ta tattara 'yan kyaututtukansa ta kai masa shago don ta watsa masa. Ta tarar yana sallamar wata mata da ta sayi ƙaramin tanki.

"Hajiya, duk abin da za ki manta, kada ki manta wannan. Sabulu da ruwan famfo farat ɗaya, kwana guda ya ishe su su gama da kifi."

Ledar ta suɓuce daga hannun Auta. Ƙamshin lemon nan ya dawo mata har maƙogwaro. Matar na fita Auta ta matso.

"Umma ce ta kashe shi. Ka sani, ka yi shiru, ka bar ta ta tsine maka a gaban mutane."

"Na sani."

"Me ya sa?"

"Zinariya, ta rasa miji, ta rasa kifinsa. In ta san hannunta ne, me zai rage mata? Ni gara ta tsane ni. Ki yi min alkawari ba za ki faɗa mata ba."

"Ni kuma fa? In auri Manaja?"

Ya sunkuyar da kai. Auta ta daɗe tana kallonsa, so da haushi suna kokawa a ranta.

"Na yi alkawari. Ba zan faɗa ba."

Kuma ba ta faɗa ba, a yi mata adalci. Manaja ya cika tankin da kifaye masu launi iri iri, sun yi yawa har suna gogar juna, wai don Umma ta manta da tsohon. Umma ta koma barbaɗa abinci. Ruwa ya yi dishi dishi, ya fara wari. Ran nan da hantsi ta naɗe hannun riga.

"Auta, ina sabulun nan mai lemo?"

Auta ta dubi kifayen suna ta wasa, ba su ji ba ba su gani ba. Kalma ɗaya ta isa ta cece su. Ta je ɗakin girki ta ɗauko sabulun, ta miƙa wa mahaifiyarta, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Da safe duk sun taso sama, ja da shuɗi da rawaya, ba ko ɗaya mai motsi. Wannan karon babu Mai Kifi kusa, babu wanda ya ɗiga komai. Umma ta tsaya tana kallon tankin, sannan ta dubi hannuwanta. Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka.

Manaja ya zo ya kaɗa makulli. "Haba Umma, kifi ne fa. Gobe in sayo wasu. Wancan tsohon ma dama ya kusa mutuwa."

"Fita," in ji Umma. "Ka ja min ƙofar."

Da ƙafarta ta je shagon. Mai Kifi ya durƙusa, ta ce ya tashi, ya ƙi.

"Ranar nan ka ji ƙamshin sabulu?"

"Na ji, Umma."

"Na jefe ka da gawa, na tsine maka, ka ce in yi haƙuri." Ta dafa kansa. "Ka yafe min, ɗana. Ka turo manyanka."

Aka yi biki, falo ya cika da dangi da dariya. Ango ya turo saƙo yana can cikin abokansa.

"Zinariyata, yau tankina ya cika. Ba na son ƙari."

Da za a tafi da amarya, Umma ta riƙe hannun ango ta sa masa albarka har ya yi hawaye. Ta ce tankin marigayi nasa ne, ita ta gama da kifi. Sannan ta rungume Auta, ta kai baki kunnenta yadda ba mai ji.

"Shi ya yi shiru don kada in ji ciwo. Ke kin sani, kika miƙo min sabulu. Na gani a idonki tun ranar."

Auta ta sandare cikin mayafinta. Umma ta gyara mata shi a hankali, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ki 'ya'ya masu halin ubansu."

Duk falon ya amsa da amin, har da ango.