Wayar da Injiniya Ya Yanke

"Yanke, Injiniya! Me kake jira?"

Goga, shugaban 'yan fashin, ne ya leƙo ramin wayoyi na bakin titi, sanye da rigar ma'aikata mai ƙyalli. Rana tsaka ce, amma wa ke tuhumar mai rigar aiki?

Injiniya ya dubi wayar. Shi ya shimfiɗa wayar nan kafin kamfanin sadarwa ya sallame shi. Ya san ita ke ɗauke da kyamarori da ƙararrawar shagon gwal. Ya kuma san ita ke ba duk unguwar sabis, har gidansa, inda ya baro matarsa haihuwa yau ko gobe. Da safe ya ce mata, "Kina jin ciwo ki kira ni."

"Oga, kuna fitowa zan mayar da ita fa."

"Kai ka sani! Yanke!"

Ƙat!

Goga da yaronsa Kwaro suka faɗa shagon. "Kowa ƙasa! Wanda ya ɗaga kai ya sha dalma!" Mai shago ya lalubi maɓallin ƙarƙashin tebur ya danna — shiru. Ya sake dannawa — shiru!

A ofishin 'yan sanda, Sufeto ya ga kyamarorin titin sun mutu gaba ɗaya. "Wannan ba aikin ɓera ba ne. Ku tada mota!"

Motar su Goga ta ci burki a bakin ramin.

"Fito mu fece!" in ji Goga.

Injiniya bai ko ɗago ba. Tuni ya fara haɗi, kuma zaren gilashin da ke cikin wayar siriri ne kamar gashi, ba ya son garaje.

"Saura kaɗan, Oga. Matata..."

Jiniya ta taso daga nesa. Kwaro ya ce, "Oga, in suka damƙe shi fa, mun kaɗe." Goga ya leƙo daga motar. Ya zura bindiga cikin ramin — tau! Mota ta tashi.

Harsashi ya shige shi a kwiɓi. Wani zai nemi hanyar tsira, shi bawan Allah ya goge jinin yatsunsa a wando don kada ya ɓata zaren, ya ci gaba. Tsoro ya cika shi, ba na mutuwa ba, na abin da ke faruwa a gida.

Yana haɗa zaren ƙarshe wayar aljihunsa ta ɗauki ƙara. Mahaifiyarsa ce, tana kuka.

"Ina ka shiga? Mun kira ka, mun kira ungozoma, mun kira mai mota, babu sabis! Matarka ta haihu, yaron yana raye. Ita kam jini ya tafi da ita. Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya jawo wannan!"

Inuwar Sufeto ta rufe bakin ramin. Injiniya ya jingina da bango, wayar na zamewa daga kunnensa.

"Amin, Inna," ya ce.