Jikan Mai Gadin Tsallaken Kogi

"Gaya mini ƙarya ne, Duilio!"

Perla na tsaye bakin murhu da matsami a hannu, mai yana ta tafasa a bayanta. Karcofin da ta jefa a ciki, wani kayan lambu mai ganye rufe-rufe, ya buɗe kamar fure har ya fara ƙonewa, ba ta ko waiwaya ba.

"Perla, abar ƙaunata, fito waje mu yi magana..."

"A nan za ka faɗa! Kakanka ne ko ba shi ba ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shi ne."

Shekara biyu ke nan Duilio yana kawo baƙi wannan tsohuwar unguwa ta Yahudawan Roma, yana zagayawa da su lungu-lungu suna ɗanɗana abinci, daga gidan burodin kan kwana zuwa wajen masu soya kifi. Kullum a gidan abincin su Perla yake ƙarewa. Tun tana yi masa tsiyar cewa mutanen tsallaken kogi irinsa ba su iya komai ba sai zuba cuku a kan nama, har ta koma duba agogo in ya makara.

Da ma a gidan su Perla ba a son shi. Mahaifinta ya ce yaron ba addininsu ɗaya ba. Samuele kuwa, mai shagon tufafi da ya daɗe yana nemanta, bai tsaya a nan ba. Sai da ya bi tsofaffin tsallaken kogi ɗaya bayan ɗaya, yau da safe ya kawo wa kakarta, Nonna Allegra, abin da ya tono.

Perla ta san labarin tun tana yarinya. Lokacin yaƙi, da sojojin Jamus suka kwashe mutanen unguwar, iyayen Nonna sun tsere sun ɓuya a ɗakin saman wani gida a tsallaken kogi. Wata huɗu suka yi. Ranar nan aka aiki Allegra sayen gawayi, tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta dawo ta hango motar sojoji a ƙofa, mai gadin gidan yana nuna musu sama da yatsa. Shi ne mutumin da Samuele ya ce kakan Duilio ne.

Har yau Nonna ba ta kunna gawayi. In ta ji takalmi mai nauyi a kan matakala, sai ta daina numfashi har ya wuce.

"Ka sani tun farko?" Perla ta tambaya.

"Abin da ya fara kawo ni unguwar nan ke nan. Na zo in ga ko akwai wanda ya rage... sai na gan ki."

"Ka ci abincin hannunta! Ka sumbaci hannunta, Duilio!"

"Na ji tsoron rasa ki."

"To ga shi ka rasa. Fita!"

Mako uku ba ta gan shi ba. In ya zo da baƙinsa, ta ɗaya layin yake bi. Samuele ya riƙa zuwa da fara'arsa yana cewa, "Ai na cece ki, 'yan mata." Ko kallo bai ishe ta ba. Ta rame, ga shi ita ma ta fara jin takun nan a matakala, ta leƙa ba kowa.

Ranar wata Juma'a da hantsi, ana shirin abincin Asabar, Nonna ta ajiye wuƙarta.

"Je ki kira mini shi."

"Nonna..."

"Kin ƙona mini karcofi na mako uku. Kira shi na ce."

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu. Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Haɓar kakanka ce da kai. Ya mutu?"

"Shekara shida ke nan, Sinyora."

"A kan gadonsa?"

"E."

"Ya taɓa maganarmu?"

"Sai a ciwon ajalinsa. Ni na yi jinyarsa. Ya ce mutanen gidanku suna tsaye a ƙarshen gadon, yana ta kiran sunayensu."

"Faɗe su."

Ya fara jero su. "Settimio. Ester. Graziano. Rina..." Ya ɗago ya dube ta. "Da jaririya, Stella."

Nonna ta dafe teburi.

Perla ta dube ta. "Wace ce Stella?"

"Ƙanwata. A ɗakin nan aka haife ta, kwananta goma sha tara. Ba ta cikin kowace takarda, ba ta kan dutsen da aka rubuta sunayen waɗanda aka kwashe." Hawaye ya gangaro mata. "Shekara hamsin da biyar ina zaton ni kaɗai na san an yi ta. Har na fara cewa ko mafarkinta na yi."

Duilio ya durƙusa. "Ki yafe mana..."

"Tashi! Ba ni aka saka a motar ba, ba ni da ikon yafewa. Kakanka ya je ya same su can." Ta share fuska da gefen rigarta. "Amma kai ba ka nuna kowa da yatsa ba. Ɓoye-ɓoyen da ka yi wa yarinyar nan, wannan tsakaninku ne."

Perla ta matso, idonta jajir. "Ka ƙara ɓoye mini wani abu, ko da ƙanƙani ne..."

"Ba zan ƙara ba, zuciyata. Na rantse."

Da bazara aka ɗaura auren a ofishin gari. Mahaifinta ya je, fuska ba walwala. Nonna ta gasa musu kek na cuku da 'ya'yan itacen ceri da hannunta, amma ta ce ba za ta iya zama inda ake kiran sunan gidan mai gadin nan ana tafi ba.

Da suka fito, Perla ta ja hannun mijinta suka bi ta unguwa da kayan aurensu. Tsohuwar na zaune a tagarta ta sama. Ta dube su, ta daɗe, sannan ta ɗaga murya:

"Kun tsaya kamar baƙi. Ku hawo... amma ka taka a hankali, yaro."