Saura Doki Ɗaya

Yawun ya sauka a kan katakon tagata, dab da hannuna.

Na ɗago kai. Inna Dado ce, mahaifiyar Attahir. Ta taso tun daga rugarsu ta bayan Belbeji har Tanut don ta ga yarinyar da ɗanta yake cewa zai aura. Layin masu yankan tiken cacar doki ya dare mata. Ta kira ni mai sayar da wuta, ta ce gara ta ga ɗanta a makara da ta gan shi da 'yar kiyos, rumfar cacar da nake aiki. Da albashin nan nake ciyar da mahaifina da ya makance, amma ba ita zan yi wa bayani ba.

Attahir nake kallo...

Yana tsaye a bayanta. Shi da ya yi wata takwas yana yankan tiken dala arba'in a kan dawakin da bai san sunansu ba, don kawai ya samu damar ce mini, “Raishatu, hasken idona.”

Ta juya ta tambaye shi ko gaskiya ne ya yi mini alkawarin aure.

“Inna, tike kawai nake saya a wurinta.”

Layin ya kwashe da dariya.

Na sa tsumma na goge katakon. A zuciyata na ce, tike ko? To za ka saya har ka gaji.

Bayan sati biyu ya dawo, kai a sunkuye, yana ba ni haƙuri. Ya ce tsoron bakin uwa ne, in ba shi lokaci. Na yi masa murmushin da ya fi so, na ce komai ya wuce. Sai na nuna masa cewa dukiyar gidansu duk a hannun Inna take, amma da zai ci babbar caca sau ɗaya, wa zai hana shi auren wadda yake so?

Shekara uku ina zaune a tagar nan, na san yadda ciwon caca yake kama mutum. Ba wanda ya faɗi warwas yake kamawa ba. Wanda ya kusa ci yake kamawa. Na koya wa Attahir karanta takardar tsere. Ranar da ya ci jika goma sha biyu na sefa na yi masa guɗa. Ranar da uku cikin dawakinsa huɗu suka shigo, na dafe ƙirji.

“Kash, masoyina... saura doki ɗaya.”

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Kullum saura ɗaya ne.

Dala arba'in ta zama jika biyar, jika biyar ta zama hamsin. Ya daina cewa yana neman ci, ya koma cewa yana son ya maido abin da ya tafi ne kawai, daga nan ya bari. Raguna suka tafi. Moto, babur ɗinsa, ya tafi. A gida yana ce musu cuta ce ta shiga garke. Ya rame, ya koma faɗa da kowa, ko sallar azahar sai an gama tsere. Da labari ya iso mini cewa Inna Dado tana yawon gidajen malamai wai an yi wa ɗanta sammu, ranar har rawa na taka a ɗaki.

Sai wata Asabar, saura minti goma a rufe yankan tike, ya iso da gudu ya zube damin kuɗi a gabana. Jika ɗari biyu da talatin, suna warin kasuwar shanu.

Na tambaye shi me ya sayar. Ya ce in bar surutu in buga lambobi. Wani dillali da ke bayansa ne ya amsa, ya ce jar saniyar nan ce ta habbanaye.



Ko ni 'yar gari na san habbanaye. Saniya ce da makiyayi yake ba ɗan'uwansa aro, ya sha nononta, ya riƙe 'ya'yanta, sannan ya mayar da uwar. Baffansa Sidi ne ya ba shi ita. Wanda ya sayar da saniyar habbanaye ba ya ƙara zama a tabarmar dangi.

Ga abin da na yi wata shida ina jira. In danna inji kawai, shi ke nan, na gama da shi da uwarsa.

Na ce, “Attahir, kalle ni.”

Bai ɗago ba. Idonsa na kan takarda, leɓɓansa na motsi, bakwai, sha ɗaya, huɗu...

“Yau wane irin ɗankwali na ɗaura?”

“Malama, lokaci na tafiya.”

Malama.

Na so ya wulaƙanta yana kallona, yana tuna abin da ya yi mini. Ashe tuni ya daina ganina. Hannu ne kawai ni, mai miƙo takarda.

Na janye kuɗin, na ja taga na rufe, na sa sakata.

Ya doki ƙarfen, ya zage ni, ya roƙe ni da girman Allah, ya rantse yau ce ranarsa. Na zauna a ƙasa rungume da damin ina kallon agogo har ƙarfe ɗaya ta wuce. Sai na ji shiru. Da na buɗe, yana durƙushe a cikin rairayi yana kuka kamar yaro.

Ranar na ajiye aikin. Na sa dillalin ya kai mu wurin wanda ya sayi saniyar kafin a loda ta a mota, na cika da 'yan kunnena aka fanso ta. Daga nan muka wuce wurin Baffa Sidi. Attahir ya faɗi komai da bakinsa. Ni ma na faɗi nawa, ban rage ba.

Tsohon ya saurare mu har ƙarshe. Sannan ya ce wannan ciwo ne, kuma ba a warkar da shi da rantsuwa. Abin da ya tafi ya tafi, kada a bi sawunsa. Daga yau kuɗi ba zai kwana a aljihun Attahir ba, shi zai riƙe masa. Ya karɓe babbar wayar da ke hannun Attahir ya ba shi ƙarama. Ya ce da saukar damina Attahir zai bi garke arewa, can bayan Tenhya, in ƙaiƙayin ya taso masa ya nemi mutum ya faɗa masa, kada ya ɓoye.

Wata biyar ina sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida ina jira.

Bayan an yanke gero Attahir ya dawo. Ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Ya tsaya nesa da ni a zaure ya gaishe ni. Ya ce sau ɗaya ya zame, a kasuwar Ollelewa, ya je da kansa ya gaya wa Baffa. Yanzu ba ya bin titin kiyos, in rediyo ya fara zancen tsere sai ya tashi. Ya ce Inna ma ta sauko, ta ce in yana so a kawo goro.

Na ce, “To, me ya rage?”

“Raishatu, na yafe miki, ke ma ki yafe mini. Wallahi har gobe ina sonki.”

Ya ɓoye hannunsa na dama a cikin riga. Hannun da ya saba miƙo mini kuɗi da shi ke nan.

“Amma tun da na shigo na ga fuskarki, ƙarar injin nan nake ji a kunnena. Lambobi suna zuwa mini. Titi zan iya kauce masa, rediyo zan iya kashewa. Matata fa? Ya zan yi in kauce mata?”



Daga ɗaki Baba ya ɗaga murya yana tambaya wane baƙo ne, a kawo masa ruwa mana. Attahir ya sa takalmansa.

Na ce, “Ba kowa, Baba. Ya tafi.”